Zumuncin zomo a hanci yake

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a nan Marwa, gidanmu yana Domayo. Ina da zomaye biyu maza, haihuwa ɗaya, na saye su suna da mako shida. Toka da Madara muke kiransu saboda launinsu. Ba don ci ko sayarwa nake kiwonsu ba, ni da ƙannena son su kawai muke yi. Keji ɗaya suke kwana, tasa ɗaya suke ci, ban taɓa ganin sun yi faɗa ba. Da suka kai wata huɗu sai Madara ya kamu da ƙazuwar kunne, malamin dabbobi ya yi masa allura ya ce in ware shi. Na ajiye shi cikin kwando a bayan madafa har mako uku. Da ya warke na mayar da shi kejinsu bayan azahar. Ko ƙofa ban gama rufewa ba Toka ya auka masa, suka dunƙule suna juyi, gashi yana tashi, kunnen Madara ya tsage. Na sa hannu in raba, ni ma na sha cizo a yatsa. Na sake gwadawa sau biyu, abin sai ƙaruwa yake. Baba ya ce in bar su su yi ta yi har ɗaya ya sallama, in ba haka ba a yanka ɗaya a huta. Ƙannena sai kuka. Kawu, yaya ɗan uwa zai manta ɗan uwansa cikin mako uku? Akwai dabarar da zan yi su koma kamar da?

Ɗanka, daga Domayo, Marwa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da ciwo. Ka wanke yatsan nan da sabulu sosai, in ka ga ya kumbura ko yana zogi ka je asibiti, don haƙorin zomo siriri ne amma yana nutsewa. Daga yau kuma kada ka ƙara sa hannunka haka nan tsakanin zomaye biyu masu faɗa. In ido ya rufe ba su san mai ba su abinci ba.

Ka dakata da gwajin nan tukuna. Sau uku ke nan, kuma kowane karo yana ƙara dasa wa Madara tsoron Toka, yana ƙara dasa wa Toka cewa cizo shi ke korar baƙo. Zomo yana da riƙo fiye da yadda mutane suke zato.

Yau ɗin nan ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora a cinyarka, ka bi jikinsu da yatsu kana buɗa gashi: wuya, gadon baya, gindin wutsiya, ciki, da tsakanin ƙafafun baya. Kunnen da ya tsage kana ganinsa, shi ne mai sauƙin. Wanda nake tsoro shi ne ɗan hujin haƙori da gashi ya rufe. Mugunyar zomo ba ruwa-ruwa ba ce da za ta fashe ta tsiyaye, kauri gare ta kamar daskararren man shanu, sai ta taru ƙarƙashin fata ta zama ƙurji mai wuyar warkewa. Duk raunin da ka samu ka wanke shi da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce, ka tsare shi daga ƙuda, don ƙuda na iya zuba masa tsutsa cikin yini ɗaya. Ina roƙonka kada ka sayo kafson mutane a wurin mai tebur ka ɗura masa. Magunguna dangin fenisilin, irin su amoksisilin, in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, zawo ya biyo baya, sau da yawa ba ya tashi. In kuma ɗayansu ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a ranar za ka kai shi wurin malamin dabbobi, ba gobe ba.

To, yaya aka yi Toka ya manta ɗan uwansa?

Mu mukan ce zumunta a ƙafa take. Ta zomo a hanci take. Bai san uwa ɗaya uba ɗaya ba, abin da ya sani shi ne warin da ya saba kwana da shi. Ka taɓa lura da yadda suke goga haɓarsu a bakin tasa, a ƙofar keji, har a takalminka? Akwai wasu 'yan ƙululu a ƙarƙashin haɓar masu fitar da maiƙon da hancinmu ba ya ji, akwai wasu kuma kusa da dubura. Da su da fitsari da 'yan tulin kashin da yake bari a kusurwa, da su yake shata iyakar gidansa. Lokacin da suke tare, warin kowa yana jikin kowa. Madara ya yi mako uku a bayan madafa, ya kwashi hayaƙi da warin magani da na kwando. Shi kuwa Toka ya yi mako uku yana bin kejin nan lungu-lungu yana goga haɓa, har ya zama nasa shi kaɗai. Da ka buɗe ƙofa ka saka Madara, abin da hancin Toka ya gaya masa shi ne wani ƙato baƙo ya faɗo masa ɗaki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, kuma ba laifin ƙazuwa ba ne. Irin zomayen da muke kiwo suna balaga tsakanin wata 3 zuwa 6, ƙananan iri su riga manya. Rabuwar ta faɗo daidai lokacin da yaran da ka sani suka zama maza. Ko da Madara bai taɓa ciwo ba, da wuya su wuce wata shida a keji ɗaya ba su ɓata ba. Shi ya sa masu kiwon sayarwa suke ware maza tun suna wata uku, kowa da ɗakinsa. Na faɗi wannan ne don ka sauke wa kanka nauyi, bin maganar malamin dabbobi da ka yi ba kuskure ba ne.

Maganar Baba kuma, ka saurare ta da ladabi, don daga sanin dabba ta fito. Raguna biyu in aka sake su a tsakar gida sukan yi karo, ɗaya ya ja da baya, magana ta ƙare. Abin da ya sa take ƙarewa shi ne wanda aka kayar yana da wurin gudu. Zomon gida ba jinsi ɗaya ba ne da zomon dajinmu da mafarauta suke kora a saura, wanda ba ya haƙa rami, yake haihuwar 'ya'yansa da gashi ido buɗe. Na gida asalinsa daga ƙasashen Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa suke zama jama'a-jama'a cikin ramuka masu ƙofofi da yawa. A can in aka fi ƙarfin namiji sai ya fice ta wata ƙofa ya ba da wuri. A kejin da bai wuce mita ɗaya ba ina zai je? Wanda ya yi nasara yana ganin ya kore shi ya ƙi tafiya, sai ya ƙara. Kuma zomo ba karo yake yi da goshi ba, ciki da maraina yake nema da haƙori, yana shuri da faratan baya.

Na ga wannan da idona. Farkon kiwona a nan Garwa, a bayan gidanmu na Yelwa, ina da wasu jajayen 'yan uwa biyu. Wani maƙwabci ya ari ɗaya don barbara, ya yi kwana goma a wurinsa. Ranar Juma'a da hantsi aka dawo da shi, na saka shi wurin ɗan uwansa, na ga sun ɗan kori juna, na ce za su daidaita, na yi shirin masallaci na tafi. Da na dawo na tarar da jini a ragar keji, wanda aka dawo da shi yana kwance a kusurwa an yaga masa maraina, ƙuda har sun fara taruwa. Daren Lahadi ya mutu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don ni na rufe masa ƙofar da hannuna. Ka ba Baba wannan labari, ka ce daga bakina ne.

Kafin ka ci gaba ka tabbatar duka biyun maza ne. A mako shida masu sayarwa suna yawan kuskure. Yanzu da suka doshi wata biyar maraina sun fito, za ka gan su gefe da gefe ba gashi sosai a kansu, sai dai namiji in ya tsorata yakan janye su ciki, saboda haka ka duba lokacin da yake kwance hankali. In ɗaya ta zama mace, ka sani ɗan uwanta zai hau ta ba ruwansa, kuma ciki kwana 31 ne.

In maza ne, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi wa ƙannenka daɗi ba: maza biyu balagaggu da ba a fiɗiye ba kusan ba sa zama ɗaki ɗaya lafiya, duk dabarar da za a yi. Hanyar sulhu ta fiɗiya take bi, kuma dukansu biyu, ba Toka kaɗai ba. Amma ba irin ta bunsuru ba. Kada kowa ya zo maka da dandaƙa ko ɗaurin roba. Kafar da marainan zomo suke saukowa ta ciki ba ta rufewa har tsufansa, in wanda bai san aikin ba ya yanka bai ɗinke ta ba, hanji yana iya biyowa ta nan. Aikin likitan dabbobi ne, da allurar barci. Yawancin likitocinmu na arewa da shanu da tumaki da awaki suka saba, don haka ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa yi wa zomo. Ka fara da ofishin ma'aikatar kiwo ta MINEPIA da ke kusa da ku, su nuna maka wanda ya iya, akwai kuma matasan likitoci da suka fito daga makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere. Kada a hana shi abinci kafin aikin kamar yadda ake wa mutum ko kare. Zomo ba ya amai, kuma cikinsa ba ya son zama wayam. Bayan aikin sai ka jira mako 4 zuwa 6, don zafin balagar ba ya fita daga jini rana ɗaya, har ma yana iya yi wa mace ciki a cikin waɗannan makonni.

Wannan jiran ba zaman banza ba ne, a cikinsa za ka gyara abin da ya lalace a hanci. Ka samu keji na biyu ka ajiye shi gefen na farko, suna ganin juna suna jin warin juna, amma ka bar tazarar faɗin tafin hannu a tsakani, don zomo yana cizon hancin ɗan uwansa ta ramin raga. Ka riƙa zuba musu harawa da dusa ta ɓangaren da suke fuskantar juna, su saba ci suna kallon juna. In raunin fiɗiya ya warke, kullum da safe ka musanya su, Toka ya koma kejin Madara, Madara ya koma na Toka, ba tare da ka share komai ba. Kwanakin farko za ka ga suna buga ƙafa a ƙasa, suna watsa fitsari, suna bin raga da gurnani. Ka ƙyale su. Ranar da ka fito ka tarar kowa ya miƙe ƙafa ya kwanta ta gefen ɗan uwansa, ko ɗaya yana wanke fuska ɗaya yana cin harawa ba wanda ya kula da wani, to an kusa.

Haɗuwar farko ba a keji za a yi ta ba. Ka nemi wurin da ba wanda ya taɓa taka shi a cikinsu, zaure ko ɗakin ajiya, ka share, ka kewaye wuri kamar faɗin tabarma ɗaya. Lokaci ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne wasiƙarka ta fi tayar mini da hankali, da ka ce bayan azahar. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunne yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala. Kai ka san Marwa a watan Afrilu, 40 take wucewa. Kokawar minti biyu a irin wannan rana tana iya kashe shi ko ba a fitar masa da jini ba. Ka haɗa su bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko dab da magariba. In da hali ma a yi dukan aikin nan da damina ko da hunturu.

Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe faifai ko murfin tukunya, ka zauna a ƙasa tare da su. Ƙannenka su leƙo ta taga shiru, ban da ihu. Ka tula harawa a tsakiya da ɗan ganyen dankalin Hausa, ka sauke su lokaci ɗaya. Minti biyar ya isa a ranar farko.

Daga nan aikin ido ne, kuma shi ne ya fi wuyar koyarwa a takarda. Ba duk hayaniya ce faɗa ba. In ɗaya ya hau bayan ɗaya, ba sha'awa ba ce, girma yake nema, ka bar shi ɗan lokaci kaɗan sannan ka ture shi a hankali. In ta wajen kai ya hau, ka ture shi nan take, don na ƙasa yana iya cizonsa a gaba. 'Yar kora taku uku huɗu, ɗan fizgar gashi, duk cikin neman sanin babba ne, in ka hana su wannan gaba ɗaya ba za su taɓa daidaitawa ba. Abin da ba za ka bari ba shi ne wannan: kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta ɗaga, jiki ya miƙe gaba, gurnani, sannan su fara zagaya juna kai bin wutsiya. Daga zagayen nan sai dunƙulewa irin wadda ka gani. Kada ka jira ta, da ka ga sun fara kewaya juna ka sa faifai a tsakani, ka tura kowa gefe, ka shafa musu goshi su huce.

Akwai wata alama da nake son ka sani, don a kanta sulhu yake ƙulluwa ko ya warware. Za ka ga ɗaya ya matso ya kwantar da kansa ƙasa a gaban ɗan uwansa. Mai kallo zai ce ya miƙa wuya ne, alhali cewa yake yi a lashe masa goshi, kuma a wurin zomaye babba ake lasa. Wani lokaci dukansu su sunkuyar da kai, goshi da goshi, kowa yana jiran ɗaya ya fara, in an daɗe ba wanda ya fara sai cizo. In ka ga haka ka sa yatsu ka riƙa shafa kawunansu tare, kowa ya ɗauka ɗan uwansa ne yake yi masa. Ni nakan ɗan shafa musu ayaba kaɗan a goshi, mai lasar ayaba ya lashi goshin ɗan uwansa ba da niyya ba. Ranar da ɗaya ya lashi ɗaya don kansa, ka kira ƙannenka su gani.

Kullum ka raba su suna cikin lumana, kada ka jira sai an ɓata. Ka riƙa ƙara lokaci, daga minti biyar zuwa goma, zuwa rabin awa, zuwa safiya guda, kuma kada ka tsallake rana. Wasu mako ɗaya ya ishe su, wasu sai wata biyu. Sai sun yi yini da kwana a wannan wuri kana kusa, ba faɗa, suna ci tare suna kwanciya jiki da jiki, sannan za a yi maganar gida ɗaya. Ka wanke kejin da ruwan khal, ka shanya shi a rana, ka canza masa wuri, in ka iya ma ka haɗe kejin biyu ya zama ɗaya mai faɗi. Tasa biyu, mazubin ruwa biyu, kuma duk akwatin da za ka sa musu na ɓuya ya zama mai ƙofa biyu, kada a rutsa wani a ciki. Bayan haka kada ka ƙara raba su ko na kwana biyu. In za a kai ɗaya wurin malamin dabbobi a tafi da su tare cikin kwando ɗaya. Ƙazuwar kunne ma in ta dawo ka tambaye shi ko za a yi musu magani tare, tunda wanda ya kwana da mai ita da wuya a ce bai ɗauka ba.

Duk da haka, ɗana, maza biyu da jini ya riga ya shiga tsakaninsu ba kullum suke shiryawa ba, ko an fiɗiye su. In ka yi wata biyu kullum sai zagaye da cizo, ko ka ga Madara ya daina ci yana rama, ka haƙura. In kuma ba a samu likitan da ya iya ba, ko kuɗin aikin ya gagara, kada ma ka fara haɗa su. A duka halin biyu ba sai an kai ga wuƙa ba. Keji biyu gefe da gefe a inuwar darbejiya, da tazarar nan ta tafin hannu, kowa a sake shi tsakar gida a nasa lokacin, ya ishe su zama mai daɗi. Ina da wasu biyu yanzu haka da suka shekara uku a haka, kullum da rana ta raga ɗaya suke kwanciya suna fuskantar juna. Abin da za ka roƙi Baba ke nan: kuɗin katako da raga na keji ɗaya.

TAMBAYA

Malam, zomanyata da 'yarta sun shekara tare. Na ware 'yar kwana goma saboda ciwon ƙafa, da na mayar da ita uwar ta hana ta sakat, kuma ga uwar tana tsige gashin ƙirjinta tana tara ciyawa a baki alhali babu namiji a gidan.

Wata Hajiya, daga Kusiri

AMSA

Hajiya, duk abin da na gaya wa yaron Marwa ya shafe ki, sai dai mata sun fi maza sauƙin shiryawa, ko da yake sun fi su kishin ɗaki, don a ramin asali mace ce mai wurin haihuwa. Shi ya sa masu kiwo suke kai mace ɗakin namiji, ba sa kawo namiji nata. Abin da kike gani a jikin uwar cikin ƙarya ne. Zomanya ba ta sakin ƙwai sai an hau ta, kuma ko 'yar uwarta mace ce ta hau ta jikinta yana iya ɗauka an yi barbara. Yakan ɗauki kwana 16 zuwa 18 ya wuce da kansa. Kada ki kwashe mata sheƙar da ta haɗa, kada kuma ki kawo mata 'yar a wannan hali. Ki bar su keji biyu kusa da juna, sai ta watsar da sheƙar da kanta da kamar mako guda, sannan ki fara haɗa su a zaure da sassafe.